Kifin da Ba Ya Ji

'Yar farina tana da shekara shida sanƙarau ya kama ta, a wata bazara da ciwon ya bi Rogo gida-gida. Allah ya bar mana ita, ciwon kuma ya tafi da jinta. Ranar da aka sallamo mu daga asibiti a Karaye, ƙanwar mijina ta saki farantin tangaran a bayanta, ya yi ƙarar da har kaji suka watse, yarinya ko waiwayowa ba ta yi ba. Duk wanda ke tsakar gidan ya gani, kowa kuma ya ci gaba da abin da yake yi.

Da farko bakinta bai mutu ba. Ai ta riga ta iya magana, da can ma surutunta har ciwon kai yake sa ni. Sai ta yi tambaya, a ba ta amsa, ta tsaya tana kallon leɓen mutum. Ta sake tambaya, a ɗaga murya, ta ga jijiyar wuya ta tashi, ta ɗauka faɗa ake mata. Da haka da haka ta fara janyewa. Kafin damina ta yi nisa, sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Malamin asibiti ya gaya wa babanta cewa yaron da ya kurumce, in ya daina magana, maganar guduwa take yi, kalma bayan kalma, har ta ƙare ƙaf. Ya ce a riƙa sa ta magana. Faɗa da baki ai da sauƙi. Da me za a sa ta, bai faɗa ba.

Ga kuma abin da ya ɗaure ni. A gidanmu da gidan mijina duka, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta lallashinsa a gaban mutane, ba ta nuna ya dame ta. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ita kuma Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannen babanta suna faɗa. Inna, uwar mijina, ita ce uwarta a idon kowa, ita ke da ikon ta ɗora ta a cinya ta yi kuka son ranta. Nawa in daka, in tankaɗe, in saci kallo. Ba zagin al'adar nake ba, a cikinta aka haife ni, amma a shekarar nan ta shaƙe ni ƙwarai.

Babanta direban bas ne, Rogo zuwa Kano ta Karaye. Wani malamin makaranta Ba'indiye da zai koma ƙasarsu ya ɗauke shi kwasar kaya, da mota ta cika sai ya bar masa wani akwatin gilas mai ruwa, da kifi uku jajaye a ciki. Ya shigo da shi da la'asar, rabin ruwan a wandonsa.

Na ce, "Malam, wannan kuma fa? In miya za a yi, ko loma ɗaya ba su kai ba."

Ya ce ba a cin su, na kallo ne.

Na ce, "A gidan nan dai ko akuya sai da dalili ake ba ta dusa."

Bai kula ni ba, ya ture kwanukana gefe ya ɗora akwatin a kan tebur, kusa da taga.

Washegari ina shara a bakin ƙofa na ji murya a ɗakina. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Ita ce, ta durƙusa a kan kujera 'yar tsugunne, ta manna hanci a gilas, tana ba kifi labari. Muryar ta canja, tana hawa tana sauka inda bai kamata ba, amma kalmomi ne cikakku. Tana gaya musu Inna ta hana ta rake, tana yi wa babban faɗa don ya ture ƙaramin. Su kuma suna ta buɗe baki suna rufewa. Na daɗe kafin na gane cewa mu ma haka muke a wurinta, baki na motsi babu sauti. Sai dai su ba sa ɓata rai, ba sa tsayawa jiran ta gane. Na koma bayan ƙyaure na zauna a ƙasa ina saurare, hawaye na zuba, shara ba ta ƙarasu ba a ranar.

Tun daga nan kifin suka zama aikina. Abin da Ba'indiyen ya faɗa, na sa babanta ya maimaita mini har ya gaji: a ɗebi ruwan rijiya a bar shi ya kwana, a rage kaɗan a ƙara kaɗan, kada sabulu ya taɓa akwatin. Da abincinsu na gwangwani ya ƙare, na koma ba su ɓarɓashin burodi da garin ƙuli-ƙuli da busasshen zogale. Matan sassan gida suka sa mini suna Uwar Kifi. In na wuce da bokiti sai wata ta ce, "A gaishe da 'yan uku." Ni da ba a taɓa ni in yi shiru, na bar su suna yi. Zan iya cewa kifi nake yi wa hidima a yi dariya a wuce, amma ba zan iya faɗin wadda nake yi dominta ba.

Wata da watanni muka yi a haka. Da hantsi, in ta sha koko, ta hau kujerarta, ni kuma na ƙirƙiri aikin da zai ajiye ni kusa da ƙofa. Tsintar shinkafa kuwa na yi ta har ba gaira ba dalili.

Bayan an gama cirar gyaɗa sanyi ya fara shigowa, sai na ga ƙaramin yana goga jikinsa da tsakuwoyin da ke ƙasan akwatin. Da na duba da kyau, ga fararen ɗigo a jelarsa da fukafukansa, kamar an barbaɗa masa tsakin gero. Ya naɗe fukafukan, ya koma lungu, in an zuba abinci ko kallo ba ya yi.

Na san ciwon kaza, ta saki fiffike ta yi ta gyangyaɗi. Na san akuya in cikinta ya kumbura. Yaro kuwa ka taɓa goshi, ka duba ido, ka tambaye shi inda ke masa ciwo. To kifi fa? Ba ya kuka, ba ya rufe ido, jikinsa kullum da sanyi, ba ka isa ka ɗauko shi ka jujjuya ba. Na kira Inna. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙe ta ce, "Ƙyanda ce. Kada a kuskura a bari ruwa ya taɓa shi." Muka kalli juna, ita ta fara dariya. Ni ma na yi.

Ba na fita, don haka duk tambayata sai ta hau mota a bakin babanta. Kullum da safe in loda masa tambayoyi, da yamma ya sauke mini rabin amsa. Malamin dabbobi a Karaye ya ce shi shanu da tumaki ya karanta. Wani masunci ya ce kifin da ya yi ciwo tukunya ce maganinsa. Mai kemis ya ba da kafso ja-da-yalo, wanda muke fasa wa kaji a ruwa, ya ce in yana yi wa kaza ai zai yi wa kifi. Na fasa rabi na zuba. Ruwan ya yi rawaya, kumfa ta taru a gefe, da gari ya waye ƙaramin ya juya ciki sama. Ciwon ne ya kashe shi ko maganin, har yau ban sani ba.

Na cire shi tana ɗakin Inna, na binne a bayan rumbu. Da ta zo ta duba ta duba, ta juyo ta ce, "Yaya, ina ƙaramin?" Na nuna mata ƙofa, na yi alamar tafiya da hannu. Ta gyaɗa kai ta koma ta gaya wa sauran biyun, "Ya bi Baba Kano. Zai kawo muku alawa."

Ɗigon ya koma jikin na biyu. Wata Bafulatana mai kawo mana nono daga wajen ƙauyen Jajaye ta leƙa ta ce duk dabbar da ta rame gishiri take nema. Na sa kaɗan, sai na ga kamar ya ɗan warware, har na fara murna, kwana biyu kuma ya koma lungu. Na matsa wa babanta ya tambaya a Kano. Ya samu wani mai sayar da tsuntsaye da kifin kallo a Sabon Gari, ya ce akwai wani shuɗin magani da ake ɗigawa amma ya ƙare masa, ya ce kuma a ɗumama musu ruwa, don sanyi ke ta da ciwon. Wai kifi da sanyi. Duk da haka na naɗe akwatin da bargon aurena, na ajiye kaskon garwashi a ƙarƙashin tebur, ina sirka ruwa ina gwadawa da gwiwar hannu kamar wankan jariri. Matan gida suka ce Uwar Kifi ta shiga jego.

Shuɗin magani kuwa muka yi ta jira bai zo ba. Kifi yana ta lalacewa, jelarsa ta fara zaizayewa. Ranar wata Juma'a babanta ya ɗauko bular wanki daga kan katanga, ya ce, "Shuɗi dai ai shuɗi ne." Inna ta ce a gwada, da zama haka gara a taɓa wani abu. Ni ma ban ce a'a ba, don ba ni da abin da ya fi. Muka ware kifin a kwanon sha, muka jiƙa bula kaɗan, ruwan ya yi kyau kamar na rinin farar riga. Kafin a sauko daga masallaci ya daina motsi. Shi ma na yi mata alamar ya tafi Kano, amma wannan karon ta daɗe tana kallona kafin ta juya.

Saura babban, wanda take yi wa faɗa. Shi ɗigon bai kama shi sosai ba, da gishiri da ɗumi har suka baje. Na ce alhamdu lillahi, mun tsira da ɗaya. Sai kuma wani sabon abu ya ɓullo. Ya daina yawo, ya taso sama ya tsaya, baki a bakin ruwa yana haki, marfin da ke gefen kansa yana ɗagawa da sauri da sauri. A saman ruwan kuma ga maiƙo ya shimfiɗu yana ƙyalli, kamar miyar da aka cika wa mai. Na yaɗe shi da ludayi, na rage ruwa na ƙara sabo. Da la'asar ya dawo. Na zargi ƙuli-ƙuli, na daina ba shi. Na zargi hayaƙin fitila, na fitar da ita. Na zargi bokitin, na zargi rijiyar, na zargi hannuna. Maiƙo dai yana nan, kifi yana ta haki.

A lokacin nan Inna ba ta fid da rai da kunnen yarinya ba. Ta samo man damo a wajen wani mai magani a kasuwar Rogo, cikin 'yar kwalba, safe da yamma takan kwantar da ita a cinya ta tsoma gashin kaza ta ɗiga mata a kunne. Kwalbar a kan tagar ɗakin Inna take zama.

Wani hantsi na baro madafa zan ɗauki wuƙa a ɗaki, na tarar da ita a kan kujerarta, kwalba a hagu, gashin kaza a dama. Tana jira kifin ya matso, ta saita gefen kansa ta ɗiga. Tana cewa, "Tsaya mana. Ai babu zafi. To juyo ɗayan." Da ta ga inuwata ta waiwayo, ko tsoro ba ta ji ba, fuskarta cike da jin ta yi abin kirki. Ta ƙwanƙwasa gilas da yatsa ta nuna mini. Da, in ta yi haka, sai ya zabura ya gudu ƙarshen akwati. Yanzu ko gezau.

Ta ce, "Kin gani, Yaya? Ba ya ji. Kunnensa ya mutu." Ta nuna marfin nan da ke ɗagawa. "Ga kunnen nan yana ta buɗe shi, so yake ya ji."

Duk masu maganin Rogo da Karaye da Kano, babu wanda ya kalli kifin nan kamar yadda ta kalle shi. Kuma maganinta shi ke toshe masa numfashi.

Na karɓi kwalbar. Ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, don ba ta san ƙarfin muryarta ba. Na durƙusa na fara bayani da hannu. Na nuna mai, na nuna kifi, na kifar da tafin hannuna, wato zai mutu. Ta bi hannun da ido, ta kalli kwalbar, ta taɓa kunnenta. Da yamma da Inna ta zo ɗiga mata, ta fizge ta gantsara mata cizo a hannu. Inna ta ce ni na zuga ta. Abin da na so in faɗa wa yarinya guda ɗaya ne, mai yana yi wa mutum ba ya yi wa kifi, amma hannuna bai iya faɗarsa ba.

Na ɓoye kwalbar a cikin rumbu. Washegari ta hau kujera ta zauna, ta naɗe hannu, ba ta ce wa kifin komai ba. Ta wuni haka, ta sake wuni. Na wanke wata kwalba na zuba ruwa da ɗan shayi don ya yi kala, na ba ta. Ta shinshina, ta jefar ta taga. Kurma ce, ai ba wawuya ba ce. Daga baya na kama ta ta ɗebo man gyaɗa daga madafa a murfin kwalba, ta koma bakin aikinta, baki kuma ya buɗe. Tana lallashinsa, tana ba shi haƙuri, tana gaya masa in ya warke zai ji kiran salla, zai ji hon ɗin motar Baba. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana irin ta kwanakin nan ba tun da ta kwanta.

To ka ji inda na tsaya. In na hana ta, ta yi shiru. In na bar ta, kifi ya mutu, ta yi shiru. Na gaya wa babanta, ya ce shi kam kansa ya ƙulle, amma zai ci gaba da cigiyar wasu kifin a Kano. Sai na zaɓi abin da na iya. In bar ta ta ɗiga, in saurara daga bayan ƙyaure, tana fita in shiga da ludayi da tsumma mai tsabta in yaɗe man, in canja ruwa. Ita ta zuba ni in kwashe, haka muka yi ta yi. Hannuna ya yi kanta saboda ruwa. Kifin ya rame har kansa ya fi jikinsa, ya fara karkata gefe guda, ya miƙe, ya sake karkata. Ina kallonsa ina cewa a raina, don Allah ka daure, ko na wata ɗaya ne. Ni da nake raina wanda ke yi wa kyanwa magana, ga ni ina roƙon kifi.

Ranar da ya mutu ta riga ni ganinsa. Na shigo da kokonta na tarar tana ƙwanƙwasa gilas a hankali, shi kuma yana kwance a saman ruwa, idonsa a buɗe kamar kullum. Wannan babu zancen Kano. Na ajiye koko, na sa ludayi na ɗauko shi, na fito. Tsakar gida cike take, ana ta surfe, Inna na zaune a tabarma tana jan carbi. Wata daga cikin matan ta ce, "Allah sarki, a jefa wa kyanwa mana." Ban ko kalle ta ba, na nufi bayan rumbu.

Sai na ji an riƙe mini zane. Ta biyo ni. Ta ɗago kai, da muryar nan tata mai hawa da sauka, da ƙarfi yadda kowa ya ji, ta ce, "Yaya, wanda ba ya ji, in magani bai yi masa ba, sai a fitar da shi?"

Taɓarya ta tsaya. Na ce a'a. Na faɗa da baki, na girgiza kai, na kaɗa hannun da ba ya riƙe da komai. Ta kalli bakina, ta kalli abin da ke cikin ludayi, ta kalli hanyar da na nufa. Inna ta taso ta ɓamɓare yatsunta daga zanena, ta ɗauke ta, don ita ke da wannan hurumin. Ni kuma na ƙarasa bayan rumbu na tona rami da ƙotar ludayi.

Ita ce magana mai tsawo ta ƙarshe da na ji daga bakinta. Babanta ya kawo wasu ƙananan kifi daga baya, ko kujerar ba ta sake hawa ba. Kalmomin suka bi hanyar da malamin asibiti ya faɗa. Yau tana ɗakin mijinta da 'ya'yanta, da hannu muke hira, har gulma muna yi. Amma a ranar ban iya ko ɗaya ba.

Da na dawo daga bayan rumbu na wanke hannu, na duba ɗakin Inna ba ta nan, na duba nawa ba ta nan. A zaure na same ta. Ta ƙulle rigarta ta salla da takalmanta da 'yar tsanarta ta kara a cikin ɗankwali, ta ɗora a cinya, ta zauna a bakin dakali tana fuskantar ƙofar waje, ba kuka take ba, jira take. Na tsaya a kanta ina jujjuya hannuwana, ban san yadda ake cewa "nan ne gidanku" da su ba.